Hannun Baba a Goshin Hannatu

A duk faɗin Kuala Lumpur gida ɗaya ne ya rage da tarbiyya, shi ne namu, a hawa na tara na wani dogon bene a Wangsa Maju, ƙofar da ke daura da wurin zubar da shara. Sauran gidaje duk sun sallama wa duniya 'ya'yansu. Wannan ba ra'ayi ba ne, sakamakon bincike ne, domin mahaifina Dokta Ishaya ne ya gano shi, shi kuwa a kan tsarin ilimi ya yi digirinsa na uku, kuma shi yake koyarwa a wata jami'a a nan garin.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa shafin nan: sunana Rifkatu, 'yar Wusasa ta Zariya, Kirista, jikar mai bishara. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon jinya. Ƙanwata ɗaya ce tal, Hannatu, 'yar shekara tara, wadda Allah ya kawo bayan su Mama sun cire rai. Ina kuma da saurayi, Istifanus. Kada ku yi saurin taya ni murna, ku bari ku ji shi tukuna.

Ƙarshen watan Fabrairu ne, muna zaune a gida saboda korona, kowa ya gaji da ganin fuskar kowa. Hannatu makarantar gwamnati ta unguwa take, amma tun da aka rufe makarantu a waya take ɗaukar darasi, a kan teburin cin abinci, farar rigar makaranta a sama, wandon barci a ƙasa. Idan lokacin darasin addinin Musulunci ya yi, akan ware ta tare da 'ya'yan Sinawa da Indiyawa a koya musu ɗa'a. Ranar da nake ba ku labari, malamar ɗa'a ta ba su aikin gida: kowa ya gaida iyayensa gaisuwar girmamawa, a ɗauki hoto a tura mata.

Gaisuwar yara a ƙasar nan kuwa ita ce yaro ya kama hannun babba, ya sunkuya, ya ɗora bayan hannun a goshinsa. Haka suke yi wa malamansu a bakin ƙofar makaranta kafin cuta ta hana taɓa juna.

Hannatu ta miƙo min waya. "Yaya, ɗauke ni hoto. Yanzu-yanzu lah." Wannan lah ɗin wutsiyar Malayanci ce da take liƙa wa kowace magana.

Baba yana falo gaban kwamfuta, kwat da laktaye a sama, gajeren wando a ƙasa, yana jiran ɗalibansa su shigo. Yarinya ta je a natse ta kama hannunsa, ta sunkuya, ta ɗora a goshi. Na danna. Hoton yana nan a wayata har gobe. Fuskar Baba a ciki kamar wanda aka ajiye wa kunama a hannu aka ce ya riƙe.

"Mene ne wannan?"

"Salam, Baba. Malama ce ta ce..."

"Wace malama? Ta ce ki yi mene?"

"Girmama iyaye."

Ya fizge hannunsa ya goge a jikin kwat. Ya rubuta wa ɗalibansa cewa yau intanet ba kyau, ya rufe kwamfuta. Dattijon ikilisiya guda ya shirga ƙarya da sanyin safiya don ya samu sukunin kare gaskiya.

"Maman Rifkatu. Fito ki ga abin da makarantarki ta haifa."

Mama tana kicin tun asuba. Masa take soyawa da miyar taushe, 'yan babur na zuwa suna kai wa ɗaliban Arewa da iyalansu har Sri Petaling. Ta fito da zanin atamfa ɗaure a ƙirji a kan tsohuwar riga, ɗankwali ya karkace, ƙullu a gwiwar hannu. Na nuna mata hoton. Ta kalla, ta kalli Baba.

"To? Ta mare ka ne?"

"Gaisuwar wasu ce wannan, ba tamu ba. Yau hannu a goshi, gobe lulluɓi, jibi ki ji tana tambayar inda gabas take."

"Dokta, ba kai ne kullum kake ƙorafin yarinyar nan ba ta iya gaisuwa ba, sai dai ta ɗaga maka hannu kamar ɗan tasi? Yau ta gaishe ka, ka ce an yi maka laifi."

"Durƙusawa nake so. Durƙuso namu ne."

"Namu da su wa? A Zariya 'ya'yan liman a tsaye suke gaida shi?"

Masu karatu, idan Mama ta kira Baba da Dokta, to ba girmamawa ba ce. Idan shi kuma ya bar Maman Rifkatu ya koma Saratu, to mai hankali ya kwashe kofuna daga kan tebur.

"Saratu, ina magana a kan ran yarinya, kina min ba'a."

"Ni ma a kan ranta nake magana. Ni makarantar gwamnati na yi. A ajinmu mu uku ne Kirista. Da azumi nakan ɓoye a bayan aji in ci gyaɗata, da Kirsimeti ƙawayena su zo gidanmu su cinye shinkafa. Me ya ragu a jikina? Wa yake riƙe da zumuntar mata a cocin nan? Bangaskiyar da sai an kulle ta a ɗaki take rayuwa, ai ba ta da lafiya tun farko."

Baba ya kawo aya. Mama ta kawo aya. Ya kawo wata, ta ce wannan ba a kan makaranta take magana ba. Sai da ƙauri ya taso daga kicin aka tashi wasan, masa ta ƙone, ba wanda ya ci.

A makon aka sanar cewa yaran firamare za su koma aji a watan Maris. Hannatu ta yi ta tsalle a kan gado, ta fito da farin takalminta tana gogewa, ta kira ƙawarta Khaulah 'yar hawa na huɗu suna shirya wa zai riƙe wa wani wuri. A makon dai ni ma saƙona ya zo: an ba ni gurbi a asibiti don aikin gwaji na ƙarshe, in koma ɗakin kwanan ɗalibai kusa da asibitin. Wanda bai karɓi gurbinsa ba sai baɗi. Shekara guda nake jiran saƙon nan. Na karanta shi har na haddace, na fito da fararen kayana na goge na rataye a bayan ƙofa.

Ranar Lahadi muka yi sujada ta kwamfuta kamar yadda aka saba, Baba da babbar riga, Mama da leshi da gwaggwaro, ba wanda yake ganinmu daga ƙirji zuwa ƙasa. Fasto na cewa amin, Baba ya gyara murya ya ce kowa ya zauna.

"Na yi addu'a, na kuma yi nazari. Daga yau an buɗe makaranta a gidan nan. Sunanta Makarantar Haske. Hannatu ba za ta koma wancan wurin ba. Kuma ina tabbatar muku, karatun kowa ba zai taɓu ba."

Mama ta ce, "Wane ne shugaban makarantar?"

"Ni."

"Ai na sani. Wa zai share aji?"

Bai kula ta ba. Ya liƙa jadawali a jikin firij, mai launi huɗu, da taken makaranta a sama da sa hannun shugaba a ƙasa. Wurin sunan malami ne kawai ba a cike ba. Ni kuwa, don wauta, na yi dariya na wuce ɗaki.

Yanzu ga Istifanus. Ɗan Malumfashi ne, yana digiri na biyu, shi ne shugaban matasa a cocinmu. Fari, dogo, rigarsa kullum a soke cikin wando, ko a hoton waya. Mun fi shekara tare, bai taɓa kirana da wani suna mai daɗi ba. 'Yar'uwa nake. Sau ɗaya ya taɓa cewa idona yana da kyau, washegari ya turo saƙon neman gafara. Baba yana son sa fiye da yadda nake son sa, shi ma ina zargin ya fi son Baba.

Da la'asar ina kwance wayata ta yi ƙara.

"Salama, 'yar'uwa Rifkatu. Na yi farin ciki da kiran da Ubangiji ya yi miki."

"Wane kira? Ban ga kiran kowa ba."

"Na koyarwa. Baba bai faɗa miki ba tukuna?"

Na tashi zaune.

"Koyar da wa?"

"Hannatu mana. Tun ranar Alhamis muke zantawa da Baba. Ni na samo masa manhajar iyaye masu bi a intanet, har da lissafi mai ayoyi a ciki. Na ce masa wannan wahayi ne."

"Istifanus, ka san an ba ni gurbi a asibiti."

"Na sani. Amma ki duba, asibiti a wannan lokaci na cuta? Kuma horo ne a gare ki. Namu 'ya'yan ma ai a gida za ki koyar da su."

Ya sa hoton hannaye biyu na addu'a. Na daɗe ina kallon hannayen nan. Na rubuta abu uku na goge, domin ko ɗaya bai dace da jikar mai bishara ba. Daga ƙarshe na rubuta, "Waɗanne 'ya'ya?" Ya turo fuska mai dariya. Shi a ganinsa kunya nake ji.

Na fito na tarar da Baba yana shan shayi, Mama tana tsince shinkafar ƙullun gobe a faranti, Hannatu a ƙasa da fensiran kala.

"Baba, wai ni ce malamar?"

Ya ajiye kofi a hankali. "Da yamma na yi niyyar sanar da ke a hukumance."

"Istifanus ya riga hukuma."

"Yaro ne mai himma."

"Baba, aikin asibitina fa? In ban je ba sai baɗi."

"Baɗi ba ta Allah ba ce? Asibiti zai gudu? Marasa lafiya za su ƙare?"

"Kai ka ce karatun kowa ba zai taɓu ba."

"Ɗagawa daban, taɓawa daban. Da kin karanci tsarin ilimi da kin gane."

"To kai da ka karanta, me zai hana ka koyar da ita? 'Yar aji uku ce."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya yi dako a kasuwa. "Ni manya nake koyarwa. Ni ne mai tsara manufa. Kin taɓa ganin wanda ya zana gida yana kwaɓa siminti?"

Na juya wajen Mama. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kada ki kalle ni. Ban yarda da makarantar ba, ba zan koyar a cikinta ba. Ranar da na ɗauki alli a gidan nan, na amince da shirmen ke nan. A mayar da yarinya ajinsu, magana ta ƙare."

"Ba za ta koma ba."

"To ka koyar."

"Saratu."

"Dokta."

Na ce, "Ni dai ba zan ɗaga karatuna ba. Ba ni na haife ta ba."

Na san maganar ba ta yi kyau ba tun kafin ta gama fita. Hannatu ta daina shafa kala, amma ba ta ɗago ba.

Baba ya miƙe, ya gyara wuyan riga. Muryarsa ta sauka, wadda ta fi tsawarsa muni.

"Shi ke nan. Ba zan tilasta wa kowa ba, ni mutum ne mai bin tsari. Akwai ɗalibin da ya gama, zai koma gida da iyalinsa ƙarshen wata. Sai su tafi da ita Wusasa wajen Yaya Laraba, ta shiga makarantar coci. Can ba mai ɗora mata hannun kowa a goshi."

Mama ta ajiye faranti. "Ka taɓa min yarinya ka gani."

"Fasfonta yana hannuna, takardar zamanta a kan tawa take. Na ba ku zaɓi biyu, ban hana ku ɗaya ba."

"A cikin annobar nan za ka sa 'yar shekara tara a jirgi da baƙi, saboda ta gaishe ka?"

"Saboda ranta."

"Saboda kada a ce Dokta ya faɗi magana ya janye."

Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Mama ta ja tsaki ta koma tsintar shinkafa, tana jefar da tsakuwa kamar da ita suke faɗa.

Ku da ba ku san Gwaggo Laraba ba, ku gode wa Allah. Na yi shekara biyu a hannunta lokacin da su Baba suka fara zuwa nan. Mace ce mai tsoron Allah ƙwarai, kuma tana so kowa ya ji tsoronta daidai da haka. Ni da na tashi a can, na iya surfe, na iya shiru, da ƙyar na sha. Hannatu kuwa tun tana shekara uku take ƙasar nan. Hausarta rabi Malayanci ce. Ba ta taɓa ganin an ɗauke wuta ba.

Kwana biyu gidan ya zama filin daga. Mama ta daina zuba wa Baba abinci, sai ta bar tukunya a buɗe ta ce mai tsara manufa ya tsara wa kansa. Baba ya daina yi mata magana kai tsaye, sai ta bakina: "Gaya wa mahaifiyarki gishiri ya yi yawa." A addu'ar safe kowa yana roƙon Ubangiji ya tausasa zuciyar da ta taurare, kowa kuma ya san zuciyar da yake nufi. Istifanus yana turo min aya safe da yamma kamar maganin asibiti, duk a kan biyayya.

Na sami Mama a kicin na ce, "Mama, ki karɓi koyarwar nan ko na wata uku ne, in je in dawo."

"Rifkatu, shekara ashirin da biyar ina janye wa mutumin nan. Wannan karon ba zan janye ba. Ki tafi asibitinki. Ba zai iya tura ta ba, baki ne kawai."

"In kuma ya iya fa?"

Ta juya masar da ke cikin tanda. Da rana na ji Baba a waya yana tambayar ɗalibin nan ko akwai sauran kujera a jirginsu.

Ranar Laraba da safe ina ninke kaya a ɗaki, Hannatu ta shigo ta rufe ƙofa. Takalmin makarantar nan ta mayar da shi cikin kwalinsa.

"Yaya, koya min durƙuso."

"Na me?"

"In na yi wa Baba irin namu, zai bar ni in zauna, ko? Ba sai na koma makaranta ba. Tak apa, ba komai. Ni dai kada a kai ni wajen Gwaggo."

Na nuna mata. Ta yi, ta faɗi gefe. Ta sake, gwiwa ta bugi ƙafar gado. Ta yi ta yi har ta iya, ta fita falo ta zube gaban Baba, kai a ƙasa.

"Ina kwana, Baba. An tashi lafiya?"

Baba ya washe baki, ya ɗaga murya yadda kicin zai ji. "A gaya wa masu shakka su zo su gani. Ko darasi ɗaya ba a fara ba, ga sakamako."

Daga kicin aka amsa, "A gaya wa shugaba tsoro ne wannan, ba tarbiyya ba."

"Baba, zan zauna?" in ji Hannatu, har yanzu tana durƙushe.

"Wannan ya rage ga yayarki."

Ba ta juyo ta kalle ni ba. Da ta kalle ni da na ji sauƙi, da na samu wanda zan yi wa fushi.

Na ɗauki wayata na fita baranda inda muke shanya, na ja ƙofar gilas na rufe. Ƙasa can jirgin ƙasa na Wangsa Maju yana wucewa kusan ba kowa a ciki. Na tsaya tsakanin zanin Mama da singiletin Baba na kira malamar da ke kula da ajinmu. Na ce mata a ba wani gurbina. Ta tambaya ko ba ni da lafiya ne. Na ce lafiyata ƙalau, matsalar gida ce. Ta ce in yi tunani, masu jira suna da yawa, in ta bayar ba ya dawowa. Na ce na yi tunani. Ta ce to, Allah ya kai mu baɗi.

Da na shigo na ce, "Baba, a bar maganar jirgi."

Ya gyaɗa kai, ya zaro biro daga aljihu, ya je jikin firij ya cike gurbin da ya rage. Mama ta leƙo ta karanta, ta dube ni.

"Ni dai ban janye ba," ta ce.

"Na sani, Mama."

"Ni ma ban tilasta wa kowa ba," in ji Baba.

"Haka ne, Baba."

Kowa ya koma bakin aikinsa da mutuncinsa cikakke. Ban kai ga zama ba wayata ta yi ƙara. Ko minti goma ba a yi ba, labari har ya isa Sri Petaling, unguwar su Istifanus.

"Salama, 'yar'uwa. Baba ya faɗa min. Ubangiji ya sāka miki. Ga wani albishir kuma: tunda bana kina da sarari, Baba ya amince iyayena su je Wusasa ranar Asabar da kayan gaisuwa. Mun kuma tattauna maganar baɗi. Shi ma yana ganin matar aure da ke da makaranta a gida ba lallai ne ta koma asibiti ba. Za mu yi addu'a a kai."

Ga hannayen nan biyu a ƙasa.

Na kife wayar a kan firij, na shiga ɗaki na sauke fararen kayana daga bayan ƙofa na sa a ƙasan akwati. Na dawo na ɗauki tsumma na goge man masa daga kan teburin cin abinci, na ja kujera biyu.

"Hannatu, tashi daga ƙasan nan. Ɗauko littafin lissafinki. A wane shafi kuka tsaya?"